Katangarmu Mai Huji

Daminar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ruwa ya rushe katangar gidanmu ta gabas, a unguwar Gobarau. Babanmu ba shi da halin gini. Lokacin yaƙin basasa ya yi wa soja leburanci, yana cikin masu shimfiɗa dogayen farantan ƙarfe a kan taɓo don jirgin sama ya samu wurin sauka, in za a tashi a kwashe su. Da ya ji ana gwanjon irinsu a bariki, sai ya ɗauko a amalanke, ya kafa su tsaye, ya sarƙa haƙoransu cikin juna yadda ya saba.

Ƙarfen duk huji ne, kowane huji hannun jariri zai shige. Shi dai yana jin daɗinsu, yakan ce abin da ya ɗauki jirgi ba ruwan sama ne zai kada shi ba. Mu kuwa kowa ya wuce sai ya ga tsakar gidanmu. Inna ta liƙa buhuna, ruwa ya ruɓar da su, awaki suka ƙarasa. Ta koma girki a cikin ɗaki.

"Ɗan gidan rariya," in ji samarin unguwa, "yau ma miyar kuka? Ba sai ka faɗi ba, mun gani."

Kafin wata daminar Baba ya rasu. Ɗakinsa ƙanƙane ne, dole a yi masa wanka a tsakar gida. Liman ya dubi katangar, ya dube ni, don ni ne babba.

"Ɗana, nan babu sutura. A samo abin karewa."

Tabarmi biyu gare mu, ɗaya yana kwance a kai. Na tsaya kawai, ina ganin ƙafafun mutanen da suka taru a waje ta cikin hujin. Ban san wanda ya kai magana gidajen maƙwabta ba. Can sai ga zannuwa ana miƙowa daga zaure, na atamfa da na saƙi, wasu da ƙanshin hayaƙin girki. Samarin nan masu tsokanata su suka ɗaure su, suna zura bakin zane ta huji suna ƙullawa, ba wanda ya haɗa ido da ni. A bayan zannuwan matan mutane aka wanke babanmu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta wanke su ta ninke, ta ɗora mini. Ban san na wa da na wa ne ba. Gida gida na bi ina sallama, kowace ta zare nata daga hannuna, ta ce Allah ya jiƙan Malam. Ni dai ƙasa nake kallo.