Ƙofar da Dogo Ya Auna

Dogo magini ne, Allah ya jiƙansa, kuma a shekara talatin da ya yi yana ɗora bulo kan bulo ba a taɓa kushe aikinsa ba sai a gidansa. Mutum ne da in ya ce ga hanya, ko rijiya ce a gaba sai ya faɗa, ya leƙo ya ce dama wanka ya zo yi.

'Yarsa ɗaya, Auta. Ranar da ta samu aikin jinya a wani birni mai nisa, ya ce ba inda za ta. Ta ce za ta. Ya ce, "In kin sa ƙafa kin fita, kin fita ke nan." Ita kuwa jininsa ce, ta ɗauki jakarta. Tana waya da uwarta duk mako, shi kuma sai ya tsiri gyaran famfon da ke kusa da tagar ɗakin matarsa, famfon da lafiyarsa ƙalau.

Bayan shekara guda ya tayar da ɗan ƙaramin gida a filin baya, inda matarsa ke shanya: ciki da falo da banɗaki, taga na kallon bishiyar lemo. Ya ce na haya ne. Komai ya yi kyau ban da ƙofar, wadda ta fito gajera har abin kunya. Kullum da safe in ya shiga buɗe tagogi sai goshinsa ya gaisa da ita.

Masu neman haya suka yi ta zuwa. Malamin makaranta, Dogo ya ce tarinsa na masu kiwon kaji a ɗaki ne. Wani ma'aikacin banki, wai takalminsa ya cika surutu. Wani bawan Allah da aka rasa aibinsa, Dogo ya ce ai wanda ba shi da aibi shi ne abin tsoro.

"Malam," in ji matarsa, "na fa gan ka da tef ɗin awo a jikin ƙofar kicin, kana auna zanen tsawon Auta da kake yi da fensir tana yarinya. Ka ɗauki waya ka kira 'yarka."

"Ni? Uba ne ke kiran 'ya? Gidan haya na gina."

"To Allah ya kawo ɗan hayar da ba ya tari."

Shekara takwas gidan na nan, ana share shi, ba kowa. Da ciwo ya kwantar da Dogo sai ya sa aka kai masa katifa can, wai ya fi iska. Ya juya kansa yadda zai riƙa ganin ƙofar. Matarsa ba ta ƙara neman izini ba, ta buga waya.

Da hantsi Auta ta iso. Ta ratsa tsakar gida da gudu, ta nufi ɗakin, sai ji aka yi ƙum! Ta dafe goshi.

"Wayyo! Baba, wannan ƙofar awaki ce?"

"Daidai tsawonki na auna."

"Da wane tsawon?"

"Na jikin kicin."

"Baba, ina 'yar shekara goma sha biyu ka yi zanen ƙarshe!"

Dogo ya dube ta sama da ƙasa, kamar yau ya fara ganinta. "To wa ya ce ki ƙara tsawo ba ki faɗa mini ba?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ita kuma ta durƙusa ta riƙe hannun nan nasa da siminti ya cinye, tana kuka tana cewa ya yi shiru. Bai ce ta yafe masa ba. Cewa ya yi famfon banɗakin sai an murɗa shi hagu, kuma kada ta bar lemon ya sha ƙishi.

Kwana goma sha tara ta yi tana jinyarsa. Ranar da ya rasu aka zo fitar da shi, mutum huɗu suka buge goshi, har da liman, kuma ba wanda ya iya haɗa ido da wani.

Auta ta nemi canjin wurin aiki, yanzu a nan take zaune. Abokan aikinsa sun ce za su ɗaga mata ƙofar kyauta. Ta ce a bar ta yadda ya auna. Allah ya yi maka rahama, Dogo.