Hular Ciyaman

Shekara shida ina kai wa wata ƙaramar hukuma alli da bencina da littattafan rubutu. A shagona na Ƙofar Nassarawa akwai kwamfuta mai buga mini takardu, iri ashirin da uku daga ciki na hukumar ne: ta neman kwangila, ta kai kaya, ta ban haƙuri, da sauransu. Kowacce da "Mai Girma Kantoma" take farawa.

Da soja suka koma bariki aka rantsar da ciyaman, sakataren hukumar ya dawo mini da takardar neman kwangilata.

"Alhaji, zaɓen mutumin nan aka yi. In ka sake ce masa kantoma, wani zai kawo bencin."

Ranar Litinin za a rufe karɓar takardun kwangilar. Na tafi Dukawuya gidan wanda ya rubuta manhajar, malamin kwamfuta ne, kuma tare muka yi makarantar allo.

"Malam, kalma ɗaya za ka canza."

"Sau ashirin da uku. Kwafar gaisuwar na yi ta yi ina mannawa."

"Kuma haka kake koya wa 'ya'yan mutane?"

"Su ina hana su."

Ya ce akwai sabuwar dabara da ya karanta. Gaisuwa ba aikin takardar kwangila ba ce, ba kuma na ta kai kaya ba, ratsa su duka take yi. Sai a zare ta, a rubuta sau ɗaya, a haɗa da umarnin inda za ta shiga. Na ce ban gane ba.

"Ɗakuna ashirin da uku, zaure ɗaya. Ka zaunar da mutum a zauren, duk mai fita ya ɗora masa hula."

Wannan na gane. Ya tambaye ni wa za a ɗora wa. Na ce kowa, sauri nake.

Litinin na kai takardu biyu, ta ciyaman da ta ban haƙuri ga sakatare. Sai da ya buɗe tasa na hango samanta: "Mai Girma Zaɓaɓɓen Ciyaman". Ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake karantawa. Ya ninke ta ya sa a aljihun gaba. Ta ciyaman kuma ya buga mata hatimi.

Makon nan kafintana ma ya zama ciyaman, haka direban da ke kai alli. Na koma Dukawuya.

"Kai ka ce kowa," in ji Malam.

Ya gyara layi ɗaya, hular ta tsaya kan mai ita. Bencin ni na kai.

Wata uku bayan haka na aika wa sakataren takarda da sunan muƙaminsa daidai. Da muka haɗu ya tambaye ni ko kwamfutar ta lalace ne.