Kabewa a Siniyar Mai Agashe

Ni ban taɓa iya jiran ƙarshen labari ba. Har yau in mutum ya ɗauko mini zance tun daga gaisuwar safe, cewa nake ya tsallake ya gaya mini wa ya mutu, wa ya warke. Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan hali nawa ita ce kakata ta wajen uba, Allah ya ji ƙanta. Uwar gaggawa take kirana.

Gidanmu yana Umdurman ta ƙasar Sudan, can yamma, ba nisa da Kasuwar Libiya. Ɗaki uku ne da rumfa, sai tsakar gida mai darbejiya ɗaya. Shekarun da nake magana lokacin sojoji ne, ana layin burodi, sukari sai da kati, wuta kuma rabin mako babu ita. Da an yi sallar magariba Kaka za ta jawo kanun, wato murhun gawayi, ta zauna kan 'yar kujerarta ta fara soya ƙwayar gahawa. Ƙamshin nan shi ne kiranmu. Mu yara mu kewaye ta, tana fifita wuta da faifai, fuskarta na ja tana baƙi. Iyayenta daga ƙasar Hausa suka taho a ƙafa da niyyar Makka, suka tsaya tsintar auduga a Jazira, a nan aka haife ta. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma in ɗayanmu ya ce mata "Habboba" irin na Larabawa sai ta ce, "Habboba tana gidan maƙwabta. Nan Kaka ce." Tatsuniya ma da Hausa kawai take yi. In ka sa mata baki da Larabci ta yi kamar ba ta ji ba.

Babana mai agashe ne, gasasshen naman nan mai yaji. Yana da teburinsa a bakin kasuwa, shi da ƙaninsa Baffa Idi, kuma duk unguwar an san yajinsa. Saboda haka nama bai taɓa yanke mana ba, ko a shekarun da ya yi wa mutane nisa. Abin da bai sayu ba, da gefe-gefe da ƙashi, gida yake zuwa. Baba a wurinsa abinci marar nama ba abinci ba ne. In Inna ta kawo miyar adas, wani ɗan jan wake, ko ta kuɓewa haka kawai, zai juya cokali a ciki ya ce, "To, na ga gaisuwa. Ina zancen?" Inna ba ruwanta, kisra, wainar dawa fale-fale, da miyar nono ma ta ishe ta. Ni kuwa nama ya gundure ni tun ina ƙarama. Kayana na makaranta ƙaurin hayaƙi suke yi, 'yan ajinmu na ce mini 'yar agashe. A ba ni ful, wato dafaffen wake, da man riɗi da albasa a murmushe burodi a ciki, shi ke nan an gama da ni. Baba yakan dube ni ya ce wa Inna, "Anya ba a canza mana yarinyar nan a asibiti ba?"

Ina shekara goma sha ɗaya babban yatsan ƙafar Baba ya kumbura. Ya yi ja, ya yi sheƙi, ko zani ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Aka kai shi wurin wani likita a Bahri, ƙetaren kogi, ya ce ciwon gaɓɓai ne, ga jini ya hau, ya bar jan nama da hanta da ƙoda in yana son ya ci gaba da taka ƙasa. Saura kwana goma azumi.

Azumin shi ne matsalar. A wurinmu maza ba sa shan ruwa a cikin gida. Ana shimfiɗa tabarmi a layi, kowane gida ya fito da siniyarsa, babban faranti ɗauke da kwanoni an rufe da faifai, a haɗa a ci tare, har mai wucewa a tare shi. Kowa na ganin abin da ya fito daga gidan kowa. Siniyar gidanmu kuwa ta yi suna, ko yaushe da nama a tsakiya. Baba ya ce wa Inna, "A cikin gida zan ci ciyawarku. Amma siniyar da za ta fita ƙofa, da nama za ta fita. Mai agashe guda? Me za a ce?" Kuma a kan tabarmar nan ba a janye hannu. Maƙwabci zai tura maka tsoka ya haɗa ka da Allah, kai kuma ba ka gaya wa kowa kana ciwo ba. Ya ci ranar farko, ya ci ta biyu. Ranar ta huɗu da sanda ya fita, aka riƙo shi aka dawo da shi.

Inna ta yi magana har ta gaji. Wadda zai ji maganarta ita ce Kaka, ita kuma Baba ɗanta ne na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana son ya gyara ƙofa, sai ta ce da darbejiya, "Ƙofar gidan nan ta gaji." Mu da muka taso cikin Larabawa abin dariya yake ba mu, uwa tana jin kunyar ɗanta. Ita ko a jikinta.

Ranar nan bayan shan ruwa Baba bai iya zuwa masallaci ba, balle kasuwa. Yana kwance kan angareb, gadon igiya, a ƙarƙashin bishiya, an ɗora ƙafar kan matashi, ya juya mana baya. Kaka ta matso da kanun kusa da shi fiye da kullum. Ta buɗe yadda ta saba: "Ga wata ta taho daga yamma a ƙafa." Muka amsa, "Ta sauke kaya ta sha ruwa."

Ta ce a wani daji namun da ke farauta suna da al'ada. Kullum rana ta faɗi su taru a gindin wata tsamiya, kowa ya kawo abin da ya kamo, a ci tare. Zaki ne ke kawo mafi girma, shi ne kuma ke fasa ƙashi kowa ya ji ƙararsa. Ana nan sai haƙorin zaki ya ruɓe. Ya je wurin kunkuru mai magani a ɓoye, kunkuru ya leƙa bakinsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙashi ya ƙare maka. Sai kabewa." Zaki ya ce in ya sake faɗar kalmar nan zai taka shi. Amma ya ɗauki kabewar ya kai kogo, yana dafawa yana ci ba wanda ya gani, haƙori ya lafa. Da yamma kuma ya je gindin tsamiya ya ɗauki ƙashi ya fasa, hawaye na zuba, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido.

Daga nan sai Kaka ta bar zaki. Ta ce shekarar fari ake yi, namun daji sun yi ƙaura. Kura takan wuni tana yawo, da ƙyar ta samu zomo ɗaya. Ta bi ta ƙofar raminta, 'ya'yanta na leƙowa suna shinshina, ta wuce da zomon gindin tsamiya, don kada ta zauna gaban zaki hannu wofi. Ta fara lissafa mana 'ya'yan kurar ɗaya-ɗaya, da sunan da ta laƙa wa kowanne, da yadda ƙaramar take tsotsar wutsiyarta ta yi barci.

Na ce, "Kaka, ina ruwanmu da kura? Ki koma kan zaki mana!"

Ta ce, "Uwar gaggawa, jirgi za ki hau?"

"Haƙorin ya fita ko bai fita ba?"

Ba ta kula ni ba. Ta gama da kura, ta yi dila, ta yi damisa, kowa da irin wahalarsa, ni ina ta buga ƙafa a ƙasa. Sai can ta dawo. Ta ce wata rana zaki ya tashi kumatu ya kumbura har ido ɗaya ya rufe. Rana ta yi ƙasa. Ya tsaya a bakin kogo, ga ƙashi a dama, ga kabewa a hagu. A nan Kaka ta tsaya. Ta ɗauki jabana, tukunyar gahawarta ta ƙasa, ta tsiyaya a finjali a hankali kamar ba wanda ke jiranta.

Na ce, "Sai me?"

Ta ce, "Gawayi ya mutu. Na ɗaure ta a ƙafar gado, mai so ya kwance."

Na tashi zan yi rigima, sai muka ji murya daga kan angareb. Baba bai juyo ba. Ya ce, "A tambayi mai tatsuniya, da ya kai kabewar, dariya suka yi masa ko kuwa?"

Kaka ta dube ni ta ce, "Gaya wa mai tambaya ban je wurin ba."

Ni kuwa na juya na ce, "Baba, ta ce kai ne zakin."

Takalmin Inna ya same ni a baya kafin in rufe baki. Kaka ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Baba ya yi tsaki ya ce a kawo masa gahawa.

Washegari da la'asar ya kira Inna. Ban ji duk abin da ya faɗa ba, na dai ga ta fito tana ɓoye murmushi ta aike ni sayen kabewa da aswad, baƙin yalon nan. Ta yanka su fale-fale, ta shafa mai, ta barbaɗa yajin agashen Baba, ta gasa a kan gawayi. Ta yi adas, ta yi ful. Ni na ɗauki siniyar zuwa bakin ƙofa aka karɓa, na maƙale a bayan ƙyaure ina leƙe ta kafa. Ba za a yi abu a bar ni a baya ba.

Aka kira salla, aka sha ruwa, aka ci dabino. Malam Haruna tela, maƙwabcinmu na dama, shi ya ɗaga faifan. Ya duba, ya sake dubawa. Ƙamshi na agashe, ido na kabewa. Wani ya ce, "Ya Hajj, ragon ya tsere ne?" Aka yi 'yar dariya. Baba ya gyara zaman ƙafarsa ya ce, "Ya jama'a, likita ya hana ni nama. Halas. Mai so ya samu Idi a kasuwa."

Malam Haruna ya ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya rikice. "Wallahi ba ciwon nake wa hamdala ba. Allah ya ba da lafiya. Ina nufin… to, Allah ya ba da lafiya."

Nan fa aka fashe da dariya ta gaske, har da Baba. Suka far wa kabewar. Da ya shigo gida faɗa yake yi, wai an cinye masa magani, yanka biyu kawai ya samu, gobe a ƙara.

Bayan kwana biyu siniyar Malam Haruna ta fito da ful da salata kawai. Bayanta ta gidan wani direba a layinmu, bayanta wata. Nama bai ɓace daga tabarmar ba, ran Juma'a wani kan kawo, amma ya daina zama dole. Ƙafar Baba ta saɓe kafin salla.

Kada wani ya ɗauka Baba ya tuba. Har gobe abincin akuya yake kiran kabewa, yana ci yana zaginta. Da babbar salla sai an sa masa ido kamar ɓarawo. Kaka ma da ta yi wa'azin, a daren sallar nan ta kira ni gefe ta ce in je wurin Baffa Idi in karɓo mata agashe mai kitse, in shigo da shi a cikin mayafi. Na ce, "Kaka, ba ke kika ce kabewa ba?" Ta ce, "Ƙafata kika ga ta kumbura?"

Na yi shekaru ina ɗauka na gane tatsuniyar nan tun a daren. Zaki Baba ne, haƙori ƙafa ce, darasi shi ne girman kai na sa mutum ya cuci jikinsa. Abu mai sauƙi, har ina alfahari ni na fara faɗa. Sai bayan na gama sakandare, Kaka ta riga ta rasu, muna zaune da Nafisa 'yar Malam Haruna muna tsince shinkafa, zancen azumin ya taso. Ta ce, "Kin san kuwa kafin ranar kabewar nan ba ma cin nama a gidanmu? Ɗan abin da Abba ya sayo, siniya ake sa wa ta fita. Mu muna zaune muna jiran kwano ya dawo, ko da saura." Tana dariya take faɗa. Ta ce mahaifiyarta ta taɓa kuka a gaban Kaka a kan haka, wata rana da hantsi suna shan gahawa.

Na ajiye farantin. 'Ya'yan kura. Har da ƙaramar mai tsotsar wutsiya, don Nafisa tsotsar yatsa take yi har ta shiga aji uku. Kaka ta san ɗanta, ko da ba ta kallon idonsa. Ta san ciwon ƙafa ba zai sa shi sauke siniyarsa ba, zai gwammace a yanke ƙafar. Amma ya ji cewa namansa ne ke hana 'ya'yan maƙwabci cin nasu, wannan ba zai iya kwana da shi ba. Kuma ba ta tona asirin kowa ba. Wurin da nake buga ƙafa ina cewa a tsallake, shi Baba yake saurare da bayansa a juye.

Yanzu ina aure a Bahri. Da azumi ni ke shirya siniyar da mijina ke fita da ita, kuma sau da yawa ful ne da adas da kabewa mai yaji, ko da akwai nama a gidan. In ya ɗaga faifai ya dube ni, in ce masa naman na ciki, in ya dawo ya ci. Haƙuri dai har yanzu ban samu ba, kuma ban ga alama ba. Amma in mai ba ni labari ya saki zaki ya koma kan kura, kama bakina nake yi.