Bushin taraktar surukina

Shekarun baya, ina da wata huɗu da aure, surukina ya aiko a kira ni. Tsohuwar taraktarsa ce ta kwanta, ga ruwan shuka ya sauka. An ce masa bushin kamshaf ne suka cinye, wato zobban da sandar buɗe bawul ke juyawa a cikinsu. Ya sa an sayo sababbi guda uku daga Kano, ya ce ai akwai bakanike a gida.

Ni ne bakaniken. Ni kuwa iyakata babur da injin ban ruwa. Amma wa zai dubi surukinsa ya ce bai iya ba? Na ce to.

Masu sana'ar suna da wani dogon ƙarfe da ke jan bushin a hankali har ya zauna. Ni ban taɓa ko riƙe shi ba. Tsohuwar taɓarya na yanke, na fere bakinta daidai da zoben, ina bugawa da guduma kaɗan-kaɗan. Kowane bushi yana da 'yar huda, dole ta dace da hanyar baƙin mai. In ta kauce, mai ba zai wuce ba, injin ya buga.

Biyu sun shiga lafiya. Ina ɗaukar na uku sai ga surukina da buzunsa, ya shimfiɗa dab da ni, ya ce, "Ci gaba, kallo na zo yi."

In zan duba hudar, dole sai na leƙa ta ɓangaren da yake zaune, fuskata a tasa. Kunya ta hana ni. Na sunkuyar da kai na yi ta bugu, burina kawai in gama.

Da ya tafi sallar la'asar na zura tsinken tsintsiya ta hanyar man. Ya toge. Na sake, ya toge: hudar bushin na uku ta kauce. Na zauna a ƙasa. In na yi shiru taraktar za ta tashi, ta yi kwana biyu, sannan ta mutu a tsakiyar gona, mutuwar da ba gyara. Kuma na so in yi shirun, ba zan ɓoye muku ba.

Da ya dawo na durƙusa. "Baba, na yi ɓarna."

Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Tana gyaruwa?"

"Sai an fasa wannan bushin, an sayo wani."

Kwana huɗu aka yi kafin a samo. Maƙwabta suka gama huɗa, gyaɗarsa ta makara, shekarar bai samu abin kirki ba.

Har yau nakan tuna yadda na kusa rufe injin nan a haka. Shi kuwa har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da zancen ba. Sai dai duk ranar da zan taɓa taraktar, da kansa yake korar 'yan kallo, sannan ya bi bayansu.