Kunnen Baballe

Bangon da ya raba gidana da na su Aondofa a Azuba bulo ɗaya ne, don haka ba sai na kasa kunne ba. Da yaren Tibi suka fara faɗan, amma matarsa Ngunan in tana son maƙwabta su shaida, Hausa take komawa.

"Ƙaninka Tersoo yana da digiri, shekara uku yana zaune a gida! Kai ka ce wani tsoho da ko firamare bai gama ba shi zai zama oga a garejinka? Aondofa, wane asiri mutumin nan ya yi maka?"

"Takarda ba ta gyara inji, Ngunan. A Kanada..."

"Kanada, Kanada! Mun ji, oga Bature."

Aondofa ya haura arba'in da biyar. Tattalin arzikin noma ya karanta, ya yi manaja a wani injin casar shinkafa a nan Lafia, sannan ya tafi Kanada da takardunsa a jakar fata. Bayan shekara takwas ya dawo da akwatin sifana da tafin hannu duk kanta, zai buɗe garejin gyaran injinan shinkafa a hanyar Shabu. Duk inda ya zauna wa'azinsa ɗaya ne: a can ba a tambayar me ka karanta, sai me ka taɓa yi. Mutane suna son jin haka. Ni ma ina so, har na lura ba ya kallon idon kowa idan yana faɗa.

Washegari ya roƙe ni in raka shi gidan tsohon, Baballe, a Ashige, tunda ni a can na tashi. A hanya ya kashe babur a gindin wani mangwaro, ya ce zai gaya mini abin da matarsa ba ta sani ba.

Baballe shi ne makanikin injin shinkafar da Aondofa ya yi wa manaja. Yana da wata dabara: ya ɗora bakin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido, ya ce boris na hagu ne, kwana biyu ya rage masa. Kuma haka ake gani. Da mai kamfanin ya so ƙwace wata kwangila da ke buƙatar ma'aikata masu takarda, sai aka ce a rage duk ma'aikacin da ba shi da satifiket. Aondofa ne ya rubuta sunayen, har da na Baballe.

"An tilasta ka?" na tambaye shi.

Ya daɗe yana murza makulli. "Ba wanda ya ambaci sunansa. Haushinsa nake ji. In inji ya tsaya, ma'aikata ba sa kallona, shi suke nema."

A Kanada ya yi wata goma sha ɗaya yana raba takardunsa, ba wanda ya kira shi. Ranar da ya je wata masana'antar sarrafa hatsi, ya cike fom ya ce shekara tara ya yi yana gyaran inji. Shugaban makanikan bai buɗe jakar fatar ba, ya kai shi gaban wani inji mai gurnani ya ce ya duba. Aondofa ya ari sukundireba, ya manna a kunne, ya rufe ido kamar yadda ya sha gani yana raini. Ya ce boris ne. Aka kwance, boris ne. Sauran aikin a can ya koya, amma shekaru taran da suka buɗe masa ƙofa na Baballe ne.

Mun sami Baballe a zaure yana ɗaure wayar wani injin markaɗe. Shekarun da ya yi a bakin kasuwa cikin ƙarar waɗannan injinan sun cinye masa kunne. Sai da matarsa Barira ta dafa kafaɗarsa ya ɗago.

"A'a, Manaja! An ce ka zama ɗan'uwanmu mai baƙin mai. Nuna hannun mu gani." Ya shafa kantar yana dariya. "To, yanzu ka zama mutum."

Aondofa ya ɗaga murya sosai ya yi masa tayin aikin, har maƙwabta suka leƙo. Baballe ya girgiza kai, ya nuna kunnensa.

"Abin da kake nema ya tafi, Manaja. Ko jirgi ya sauka a nan ba zan ji ba. Ka ba ƙaninka, ka koya masa."

Daga nan Aondofa ya sunkuyar da kai, ya faɗi komai: sunayen da ya rubuta, haushin, fom ɗin Kanada. Amma da muryar da ko ni da nake gefensa sai da na matsa kafin na ji. Baballe yana ta murmushi, yana cewa madalla, Allah ya yi albarka.

Na jira ya maimaita da ƙarfi, kamar yadda ya yi tayin aikin. Bai maimaita ba. Ya miƙe, ya sa takalmi, sai a bakin ƙofa ya riƙe hannuna, idonsa ya kaɗa.

"Na gaya masa. Kai ma ka ji, ko? Na dai gaya masa."