A Goge Layin Nan Daga Littafin Sadisu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau da safe ina tankaɗe aka bugo daga Bacirawa, wai jikana Sadisu ya rasu. Zazzaɓin kwana uku.

Na ƙarasa tankaɗen. Har yanzu hawaye bai zo ba.

Shi ya saya min wayar nan, shi ya koya min rubutu a cikinta. In na ce masa angona sai ya ce, "Tsohuwa, ai tun bara na sake ki."

Aikinsa ƙirgen tsuntsaye, mutum da digirinsa. Kun san baƙaƙen nan na dam ɗinmu na Makoda, masu nutsewa su kamo kifi, su hau kututture su baje fiffike kamar shanya? Ni duk agwagwar ruwa nake ce musu. Ya ce iri biyu ne. Ƙaramin mai doguwar jela yana ko'ina. Babban mai farin ƙirji kuwa, a faɗin duniya shi ma bai kama hanyar ƙarewa ba, amma a ruwanmu Sadisu ya neme shi ya gaji.

"Ko a mafarki kika gan shi, ki yi min filashin."

Bayan ƙaramar sallah ya yi wata biyu bai leƙo ni ba. Na buga na ce na ga mai farin ƙirji.

Washegari sai ga shi a babur da madubin hangen nesa. Ya wuni a bakin dam. Ya dawo ya ci tuwona, ya buɗe littafinsa.

"Guda nawa?"

Na ce biyu.

"Kin tabbata, Tsohuwa? Abin da na rubuta da shi ake aiki."

Na ce ni za ka tuhuma, marar kunya? Ya yi dariya ya rubuta.

Rabona da shi ke nan.

Ban ga komai ba. Shi nake son gani. Na bari sai ya dawo in faɗa masa mu sha dariya.

Abokan aikinsa, duk wanda littafin ya faɗa hannunsa, don Allah ya nemo layin nan ya goge. Sadisu bai taɓa rubuta abin da ya san ba haka ba ne. Ƙaryar tawa ce, kada a ɗora masa.

Allah ya jiƙanka angona, ya haskaka kabarinka. Ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah ya yafe min tsuntsu biyun nan.