Makullin da Baba Hamani Ya Ƙi Bayarwa

Baba Hamani a ƙugu yake sa silifa. Duk makullin da ke reshen jami'ar nan tamu ta Gaya, sai da ya yanko guntun tsohuwar silifa ya ɗaura masa da zaren taru: shuɗi na azuzuwa, ja na biro, wato ofis, ruwan ɗorawa na ɗakunan ajiya. Ɗan masunta ne, a bakin kogi ya tashi, kuma a wurinsa duk abin da zai iya nitsewa sai an ɗaura masa abin da zai taso da shi. Na taɓa ce masa, "Baba, a ƙasa fa muke, ba a cikin jirgi ba." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗiyata, ruwa ne ya gaya miki haka?"

Ku da kuka san shi kun san aikinsa a takarda gadi ne da riƙon makullai. Rabon wuri na kwamiti ne: darakta da mataimakinsa da shugabannin sassa da wakilin ɗalibai su zauna, su kaɗa ƙuri'a, a buga takarda a sa hatimi. Baba ba shi da kujera a ciki. Shi ke buɗe musu zauren, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Amma ban taɓa ganin takarda ta buɗe ɗaki ba tare da ta bi ta ƙugunsa ba.

Kun tuna shekarar da Madam Zalika ta zo koyarwa? Wata huɗu tana gyaran takardun ɗalibai a kan cinyarta don babu biro, alhali wani furofesa da ke zuwa daga Yamai yana riƙe da biyu. Da aka kawo maganar gaban kwamiti, furofesa ya buga tebur.

"Kowace Talata ina cikin na biyun!"

Baba ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa, ya fara da "Mushe", wato Malam a Faransanci. "Mushe, a gafarce ni. Ta taga kake shiga?"

"Wace irin magana ce wannan?"

"A'a, don zanzaro ta yi gini a ramin makullin. Ta yi ƙwai, 'ya'yan sun tashi, wata ta zo ta ɗora nata a kai. Ni dai ban taɓa ba, na ce ko kai ka ba su aro."

Kwamiti kaf ya tashi ya je ya leƙa. Ran nan Madam Zalika ta samu biro. Amma fa sai da ta ƙara mako guda a waje, don Baba ya ce su ma na cikin ramin sai an ba su wa'adi!

Sai rigimar mangwaron bakin ƙofa. Masu sayar da abinci na so, masu ajiye moto, wato babur, na so, direban darakta na so. Zama biyu aka yi, aka yanke cewa inuwa ta motar darakta ce, aka zo da hantsi aka ja farin fenti a ƙasa. Da aka karanta wa Baba takardar, tambaya ɗaya ya yi: "Wace inuwar? Ta hantsi ko ta la'asar?" Ba wanda ya kula shi. Kafin la'asar inuwa ta kwashe kayanta ta koma kan tukwanen Inna Fati mai shinkafa, mota tana gasuwa a cikin fentinta. Direba ya zo yana huci.

"Baba, tashe su mana! Takarda ta ce inuwa tamu ce."

"To kai mata takardar. Ni na gaya mata, ba ta jin Faransanci."

Nawa labarin ba na dariya ba ne lokacin da yake faruwa. Ni ke kula da ɗakin iri, a tsohon ginin da ke kan tudu. A ciki akwai irin shinkafa da dawa da tsofaffin manoman ƙauyukan Tanda da Bana suka ba mu hannu da hannu, wasu ma an daina shuka su. Wata tsohuwa a Bana ta juye mini na ƙarshe da ke cikin gorarta, ta riƙe hannuna ta ce amana ce. Iri idan ya jiƙe ya tafi, ba inda za a je a samo wani.

Da aka gama sabon gini a gangare wajen fadama, Mushe Isufu, mataimakin darakta, ya ga ɗakina ya fi ko'ina sanyi, kuma yana kusa da ofishin darakta, sai ya sa masa rai. Kwamiti ya ce iri ya koma sabon ɗaki, wai ya fi zamani. Na yi magana, aka kaɗa ƙuri'a, na faɗi.

Ina fitowa Baba ya ce in biyo shi. Ya kai ni bayan tsohon ɗakin famfo da ke gangaren, ya nuna mini jerin ƙusoshi a bango. Ashe duk shekarar da ruwa ya hau, sai ya buga ƙusa a inda ya tsaya. Ya ɗora yatsa a kan ta can sama, daidai ƙirjinsa, ya miƙa ɗaya hannun wajen sabon ginin.

"Duba da kyau. Ke kin yi lakkwal, kin san boko."

Na duba. Ƙusar ta ɗara ƙasan sabon ginin nesa ba kusa ba. Na koma na gaya wa kwamiti, aka ce injiniya ya ɗaga harsashin ginin, kuma ƙusa ba hujja ba ce.

Saura makullin sabon ɗakin. Mushe Isufu ya nema, Baba ya ce, "Mu ga damina tukuna." Ya sake nema, Baba ya ce makullin yana shan mai. Karo na uku ya zo da takarda mai hatimi biyu.

"Baba Hamani, wannan umarni ne. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ninke ta, ya sa a cikin hularsa, ya mayar da hular kansa.

"To, makullin fa?"

"Mu ga damina tukuna."

Bai ga ƙarshenta ba. Zazzaɓi na kwana uku, Allah Ya karɓi abinsa. Bayan sadakar bakwai matarsa Inna Hawa ta kawo tarin makullan a cikin ƙwarya. Muka ƙirga, kowanne na nan da silifarsa, ban da na sabon ɗakin. Fasa kwaɗon jami'a kuwa sai da izinin kwamiti, kwamiti kuma ya tafi hutu. Na riga na ɗaure irina a kwalaye, ina zaune kusa da su kamar mai jiran hukunci.

Sai aka kwana biyu ana zuba ruwa, kogi ya cika, fadama ta hauro. Da gari ya waye muka gangara, Mushe Isufu a gaba da wando a naɗe, ruwa har cinya. Muka leƙa ta ƙarfen taga. Kantocin da aka yi wa iri sun nitse har hawa na uku. A tsakiyar ɗakin kuma, ga guntun silifa ɗorawa yana yawo a kan ruwa hankali kwance, makulli na reto a ƙarƙashinsa. Ashe tsohon nan danna kwaɗon ya yi, ya jefa makullin ciki ta taga!

Mushe Isufu ya ƙura wa silifar ido har na fara jin tausayinsa. Can sai ya kece da dariya, yana share ido da bayan hannu.

"Kai! Mutumin da ba shi da ƙuri'a ya kayar da mu duka."

Ni ban iya dariya ba sai daga baya. Na hau tudu, na buɗe ɗakina, na zauna a ƙasa tsakanin kwalayen. Na cusa hannu a cikin irin tsohuwar Bana, na ji shi a bushe ƙarau. Alhamdulillahi kawai nake ta faɗa.

Da kwamiti ya dawo hutu, ba a kai minti biyar ba aka yanke cewa iri ya zauna inda yake. Da ruwa ya janye, Mushe Isufu da kansa ya ari guduma ya je bayan ɗakin famfo. Ƙusarsa ta fi ta Baba da yatsa huɗu. Ya kuma lanƙwasa ta wajen bugawa, abin da Baba ba zai yafe masa ba.

Makullin yana rataye a bangon ɗakin iri, ban cire silifar ba. Baba, mun ga damina. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka taurin kai kamar yadda muka ci albarkacinsa, Ya ba ka ɗaki mai sanyi a kan tudu, inda ba mai zuwa da takarda ya tashe ka. Amin.